Masana'anta: Asalin Kalmar da Zamanta a Hausar Azare da Ƙasar Katagum

Tsakure

Maƙalar nan ta bi sawun kalmar masana'anta, wadda rediyo da jarida da takardun gwamnati ke kiran wurin da injuna ke sarrafa kaya da ita. An nuna cewa saiwarta Larabci ce, amma ginin da aka ɗora a kan saiwar na Hausa ne, kuma ba aron kalmar Larabci masna'u ba ce duk da kamar da suka yi. Daga nan aka auna ta da yadda ake magana a Azare da sauran garuruwan ƙasar Katagum, inda kamfani da inji da gida suka fi ta yawo a baki. Matsayin maƙalar shi ne, abu biyu ne suka haifar da wannan rata: hanyar da aikin inji ya bi ya shigo yankin, da kuma bambancin da Bahaushe ya daɗe yana yi tsakanin sana'a da aikin lada.

1.0 Gabatarwa

A Hausar labarai, masana'anta ta zauna daram. Da ita ake fassara jawabin kasafin kuɗi, da ita ake kiran Ma'aikatar Ciniki da Masana'antu, kuma da wuya ɗan takara ya hau dandamali a Bauchi ko Azare ya sauko bai yi alkawarin farfaɗo da masana'antun da suka durƙushe ba. Amma tambayi mai ɗaukar buhu a bakin injin casar shinkafa inda yake aiki. Zai ce a inji, ko a kamfani, ko a gidan Alhaji wane. Kalmar ta cika takarda, a kasuwa kuwa ta yi ƙaranci.

Abin da za a duba a nan shi ne inda kalmar ta fito, da yadda aka gina ta, da dalilin da ya sa masu aikin da take nufi ba su cika kiran wurin aikinsu da ita ba. An dogara ga nazarin ƙirar kalma, da rubutaccen tarihin yankin, da maganar yau da kullum. An zaɓi ƙasar Katagum ne saboda tana tsakanin Kano da Borno, a kan hanyar da malamai da fatake suka daɗe suna bi, sannan yanki ne mai tsofaffin sana'o'i da ƙarancin manyan injuna. A irin wannan wuri ratar da ke tsakanin Hausar takarda da ta kasuwa ta fi fitowa fili fiye da a unguwannin injuna irin su Bompai ta Kano ko Kakuri ta Kaduna.

2.0 Saiwar kalmar

Idan aka cire ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya daga masana'anta, abin da zai rage shi ne sana'a. Ita kuwa daga Larabci take, daga tushen nan mai baƙaƙe uku, sadi da nun da ain, wanda ke ɗauke da ma'anar yin abu da gwaninta. Daga gare shi Larabci ya fitar da san'a da sina'a, wato aikin gwani, da sani'u, mai yin aikin, da masna'u, wurin da ake yin sa. Sauye-sauyen sautin da kalmar ta samu a bakin Bahaushe sanannu ne. Sadi ya koma s, kamar yadda ya faru a salla da sadaka. Ain ya koma hamza, kamar a sa'a da jama'a da addu'a. Tsawon wasalin gaɓa ta biyu a furucin Hausa ya fi kusantar da ita ga sina'a a kan san'a.

Greenberg (1947) ya kasa kalmomin Larabci da ke cikin Hausa gida biyu: tsofaffi da suka shigo ta bakin mutane, da na baya da suka shigo ta hanyar malamai da littattafai. Hiskett (1965) ya faɗaɗa batun ta fuskar tarihi. Siffar sana'a ta fi kama da ta rukuni na biyu, domin ba ta haɗiye al- ta Larabci ba kamar alƙalami da alkama, kuma ta riƙe gurbin ain ɗinta. Ba abin mamaki ba ne, tun da almajiri yana cin karo da tushen tun a allo. A Suratul Anbiya'i, aya ta 80, da shi aka ambaci ƙirar sulke da aka koya wa Annabi Dawuda. A Suratus Shu'ara'i, aya ta 129, jam'in masna'u ya zo a zancen Adawa, inda malaman tafsiri suka fassara shi da manyan gine-gine ko matattarar ruwa. Wato ko a Larabci ma, ma'anar wurin da inji ke aiki daga baya ta hau kan kalmar.

Akwai abu guda a ma'anar asali da ya kamata a riƙe, domin a kansa sauran bayanin zai tsaya. Ibn Khaldun, a babi na biyar na Muƙaddimarsa ta 1377, ya bayyana sana'a a matsayin ƙwarewar da ke zama a jikin mutum ta hanyar maimaitawa a gaban malami. A wannan fahimta, sana'a tana jikin mai ita. Ba a gini take ba, ba kuma a kayan aiki ba. Haka Hausa ta karɓe ta. Wasu harsunan da suka ari tushen kowa ya ja shi nasa ɓangare: a Sawahili sanaa ta karkata ga fasahar zane da ƙawa, a Turkanci sanayi ta zama sunan harkar injuna baki ɗaya. Hausa ta bar ta a hannun maƙeri da majemi da mahauci.

3.0 Ginin da Hausa ta yi

Wanda ya san Larabci, da ya ji masana'anta sai hankalinsa ya tafi ga masna'u. Dukansu sun fara da ma-, dukansu suna nufin wuri, kuma tushensu ɗaya. Sai dai wannan kama tana yaudara. Da aro kai tsaye aka yi, da babu abin da zai kawo -nt- a tsakiyar kalmar. Waɗannan baƙaƙe biyu su ne shaidar cewa kalmar ta bi matakai uku a cikin Hausa.

Mataki na farko shi ne sunan aro, sana'a. Na biyu shi ne mayar da suna aikatau da ɗafa-ƙeyar -ta ko -nta, wadda ke aiki ba dare ba rana a harshen: wakili ya ba da wakilta, shugaba ya ba da shugabanta, jagora ya ba da jagoranta, baƙo ya ba da baƙunta. Haka sana'a ta ba da sana'anta. Na uku shi ne ɗafa-goshin ma-, wanda Newman (2000) ya yi bayaninsa filla-filla, mai fitar da sunan mai aiki, da na wuri, da na kayan aiki. Daga karanta aka sami makaranta, daga aikata aka sami ma'aikata, daga sana'anta aka sami masana'anta. Jam'in ma tafarki ɗaya ya bi: makarantu, ma'aikatu, masana'antu.

To, me ya sa ma- ta Hausa ta yi daidai da ma- ta Larabci? Domin harsunan biyu 'yan dangi ɗaya ne, dangin Afro-Asiya, kuma wannan ɗafa-goshi yana cikin tsofaffin kayan gadon dangin. Hausa ba ta are shi ba. Yana nan a kalmomin da ba su da wata alaƙa da Larabci, irin su mashaya da mafauta da maƙera da mabuɗi. Abin da ya faru shi ne harsuna biyu sun ɗauki tushe ɗaya, kowanne ya sa masa nasa ma-, sai suka haɗu a wuri ɗaya.

Wani abin lura a nan ya fi wannan nauyi a ganina. A rubutun boko, wanda ba ya nuna karin sauti, sunan wuri da jam'in masu aiki sukan zo da siffa ɗaya. Maƙera na iya zama mutanen da ke ƙira, da karin sama-ƙasa-sama, ko kuma rumfar da suke ƙira a ciki, da karin sama-sama-sama. Haka marina, haka masaƙa, haka majema, haka makaranta. Bisa wannan ƙa'ida, mai sana'antawa shi ne masana'anci, inda t ta ganɗance ta koma c a gaban i, jam'insa kuwa masana'anta. Ke nan ƙirar kalmar tana ɗauka cewa wurin da mutanen cikinsa abu ɗaya ne ta fuska biyu: masana'anta wuri ne da masu sana'a suka taru. Wannan zato ya dace da maƙera da marina sarai. Ko ya dace da kamfanin siminti, wannan ita ce tambayar.

Tsohuwar ƙa'idar ba ta mutu da zuwan inji ba. Duk inda Hausa ke da aikatau guda da ya rufe aikin, sai ta miƙa tsohon suna kan sabon gini ba tare da wata wahala ba. Da aka buɗe kamfanin yadi na farko a Kaduna a 1957, sunan da ya bi shi da waɗanda suka biyo bayansa a Kakuri shi ne masaƙa, sunan da ake kiran wurin mai saƙar fari da saƙi da shi. Da aka buɗe wurin tace ɗanyen mai a Kaduna a 1980, sai aka ce matata, daga tace. Masana'anta ta shigo ne inda ake bukatar suna ɗaya da zai haɗa masaƙa da matata da wurin yin siminti da na sabulu. Wannan bukata ta mai fassara ce da mai tsara kasafi, ba ta mai aikin ba. Shi ya sa kalmar ta yi ƙarfi a fagen da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta buɗe a 1939, wanda Hukumar Harshen Hausa ta 1955, da Sashen Hausa na BBC daga 1957, da Rediyon Kaduna daga 1962 suka faɗaɗa.

4.0 Kalmomin Ingilishi da ake fassarawa

Kalmomin da masana'anta ke tsayawa a madadinsu su ma ba da ma'anar inji aka haife su ba. Manufacture ta shiga Ingilishi a ƙarni na 16 ta hanyar Faransanci, asalinta kuwa Latin ne, kuma ma'anarta abin da aka yi da hannu. Sai da injin tururi ya mamaye Ingila kalmar ta juya baya ga hannun da ke cikinta. Factory kuma daga factor take, wato wakilin 'yan kasuwa, kuma ta daɗe tana nufin sansanin ciniki a baƙuwar ƙasa. Irin waɗannan sansanoni ne Turawan Fotugal suka kafa a gaɓar Afirka ta Yamma, kamar na Elmina a 1482, kuma da wannan suna kamfanin Royal Niger, wanda ya sami izinin sarautar Ingila a 1886, yake kiran tashoshin cinikinsa na bakin Kwara da Binuwai. Wannan tsohuwar ma'ana, ta wurin saye da tara kaya, ita ce ta fara isowa ƙasar Hausa a aikace, tun kafin a ga bututun hayaƙi ko ɗaya.

5.0 Katagum kafin inji da bayansa

Malam Zaki, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa masarautar Katagum a farkon ƙarni na 19, a yankin da ake kira Guddiri, inda Shirawa da Tashenawa da sauran al'ummu suke tun kafin jihadi. Low (1972) ya rubuta tarihinta tare da na Gombe da Haɗeja, Bagari (1982) kuma ya yi nazarin karin harshenta, Guddiranci. A watan Janairun 1824 Bature mai yawon bincike Clapperton ya sauka a birnin Katagum a zamanin Sarki Ɗankauwa, kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Kano, kuma a Murmur, kusa da nan, abokin tafiyarsa Oudney ya rasu. Cikin abin da Clapperton ya lura da shi akwai cewa a Katagum ya fara ganin ana ciniki da wuri, alhali a Borno da ya baro ƙyallen saƙa, wato gabaga, yana cikin abin da ake biya da shi. Katagum ke nan tana daidai inda kuɗin wuri da kuɗin saƙa suka haɗu. A ƙasar da abin da masaƙi ya sauke daga masaƙarsa zai iya zama kuɗi, ba a bukatar a gaya wa kowa darajar sana'a.

Kuskure ne a ɗauka cewa sana'o'in wancan zamani duk aikin mutum ɗaya ne a zaure. Harkar tufafi ta ƙasar Kano, wadda Bature mai yawon bincike Barth ya gani a 1851 kuma Shea (1975) ya yi wa nazari mai zurfi, tana da rabon aiki mai tsawo. Mata su gurza auduga su kaɗa zare, masaƙa su saƙa, maɗinka su haɗa, marina su tura a baba, sannan a kai mabuga a buga har ya yi ƙyalli. Akwai masu karofi da ke ɗaukar wasu aiki, akwai fatake masu zuba jari, akwai kuma harajin da hukuma ke karɓa a kan ramukan rini, kuɗin karofi. Adam Smith ya shahara da misalin wurin yin allurar maƙala tufa da ya kawo a 1776, inda aka raba aikin kusan mataki 18. Rabon aiki irin wannan ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Bambancin shi ne, a nan kowane mataki sana'a ce mai sunanta, da wurinta mai ma-, da shugabanta, kamar Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa a nasu fannin. Ba a tara su ƙarƙashin rufi ɗaya da mai gida ɗaya ba, don haka harshen bai nemi suna ɗaya ba.

Turawa sun ci Katagum a 1903. Tun kafin 1920 aka mayar da fadar sarki Azare, aka bar tsohon birnin, wanda yau shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Zaki, a 1926 kuma aka cire yankin daga lardin Kano aka haɗa shi da na Bauchi. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya ɓarke a shekarar da ta biyo. Dogo ya kai Nguru a 1930, wani kuma ya bi ta Bauchi da Gombe ya kai Maiduguri a 1964. Duka biyun sun kewaye Azare, ɗaya ta arewa, ɗaya ta kudu. Abin da garin ya samu shi ne hanyar mota ta Kano zuwa Potiskum da Maiduguri, kuma ta nan gyaɗa da auduga da fatu suka riƙa fita ɗanyu.

Wannan shi ne mabuɗin al'amarin. Kamfanin da manomin Guddiri ya fara sani mai saye ne, mai sikeli da buhu da wakili, irin su John Holt da UAC da manyan dillalansu na Kano kamar Alhassan Ɗantata. Yana karɓar gyaɗa, yana kawo akoko da atamfa da kwanon sha a kanti. Ba ya ƙera komai a gaban idon kowa. Abin da aka yi da inji yana zuwa ne a ƙunshe daga wata ƙasa, kuma sannu a hankali yana rage wa masaƙi da marini kasuwa. Saboda haka aikin inji bai tsiro daga cikin maƙera da marina na yankin ba, balle ya gaji sunansu. Daga waje ya zo, da sunansa na waje.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976, manyan ayyukan inji sun tafi wasu wurare: kamfanin Steyr mai haɗa taraktoci da manyan motoci a garin Bauchi, da kamfanin siminti na Ashaka, wanda ya koma Jihar Gombe a 1996. Azare ta sami kamfanin fulawa na Zaki, wanda ya shiga jerin kamfanonin jihar da aka sha maganar farfaɗo da su. Da an bi tsohuwar ƙa'ida, da maniƙa za a kira shi. Kamfanin fulawa ake cewa.

6.0 Kamfani, inji da gida

Kalmomi uku ne ke rabon aikin da masana'anta ke yi ita kaɗai a takarda, kuma kowace tana kallon wurin ta wata kusurwa.

Kamfani tana kallon mallaka da tsari. Wuri ne mai ƙofa da maigadi, mai lokacin shiga da na tashi, mai albashi a ƙarshen wata. Ba ruwanta da ko ana yin wani abu a ciki. Kamfanin ruwan leda kamfani ne, kamfanin waya kamfani ne, kamfanin gina hanya ma haka. Ta riƙe faɗin da ta shigo da shi tun zamanin masu sayen gyaɗa.

Inji tana kallon abin da ke yin aikin, har sunan na'urar ya haɗiye wurin. Uwa takan ce wa yarinya ta kai gero inji, ba ta ce ta kai wurin da injin yake ba. Akwai injin niƙa, da na markaɗe, da na casa, da na matsar man gyaɗa. A ƙasar da shinkafar fadamar kogin Jama'are da gyaɗa da riɗi ke da yawa, waɗannan su ne ainihin masana'antun da talaka ke hulɗa da su kullum. Abin sha'awa shi ne inji a nan bai kashe sana'ar ba, mataki guda ya ɗauke mata. Mai ƙuli-ƙuli tana soya gyaɗarta, ta aika inji a markaɗa, a dawo mata da ita ta matse mai ta toya. Sana'ar tana nan a hannunta, inji ɗan aike ne.

Gida kuwa, a gidan biredi da gidan bulo da gidan ƙanƙara, tana kallon dangantaka. Akwai maigida, akwai yaransa. Yaro yana shiga yana koyo, yana sa ran wata rana a sallame shi ya buɗe nasa. Wannan shi ne tsarin da ya fi kusa da tsohuwar maƙera, kuma a nan ne za ka ji mutum ya ce biredi sana'arsa ce.

A nan ne zaton da ke cikin ƙirar masana'anta ya ci karo da fahimtar mutane. Dubi waɗannan jimloli:

(1) Sana'arsa ƙira, gado ya yi.
(2) Ba shi da sana'a, aikin kamfani yake yi.
(3) Ya bar aikin kamfani, ya kama sana'a.

Kunnen Bahaushe ba ya jin wani tufka da warwara a jimla ta (2), kuma jimla ta (3) labarin ci gaba ce. Sana'a abu ce da mutum ke tafiya da ita duk inda ya je. Aiki kuwa ana ba ka, ana iya karɓewa. M. G. Smith (1959) ya nuna yadda Hausawa ke bambanta sana'ar gado, karda, da wadda mutum ya shiga da kansa, shigege, abin da aka fi sani da gado da haye. Amma ko ɗan haye mai sana'a ne. Lebura ba ya cikin ko ɗaya. Nazarin Lubeck (1986) a kan ma'aikatan kamfanonin Kano ya nuna da yawansu suna kallon leburanci a matsayin zango, inda za a tara ɗan jari a fita a kama ciniki. Durƙushewar masaƙun Kaduna da Kano bayan matakan tsuke bakin aljihu na 1986 ta ƙara tabbatar wa mutane wannan hukunci, domin wanda ya shekara ashirin yana tsaron inji ɗaya ya fito bai iya saƙa ko mayafi ba.

Saboda haka idan ma'aikaci ya ƙi cewa a masana'anta yake, ba jahiltar kalmar ya yi ba. Yana jin ta a rediyo kullum. Abin da yake yi a can ne bai kai ya kira shi sana'a ba. Ni kuwa ina ganin kalmar ta fi cancanta da wuraren da ake hana ta. Masu walda da ke ƙera ƙofofi da kurar ruwa da injin casa a bakin titunan Azare, da maƙeran da ke fitar da garma da lauje kafin damina, da teloli masu yara goma a shago, su ne masana'anta da ma'anoninta biyu, mutanen da wurin. Takardun hukuma sukan kira su ƙananan masana'antu, kamar dai na gaskiyar su ne manyan, su kuwa kwaikwayo. Ta fuskar asalin kalma, su ne na farko a layi.

7.0 Aikatau: ƙera, sarrafa, harhaɗa

Sunan wuri ya samu, amma aikatau ɗin da ya haife shi bai samu shiga ba. Da wuya a ji wani ya ce an sana'anta sabulu. Gurbin ya rabu tsakanin wasu kalmomi, kuma rabon yana da ma'ana.

Ƙera kalmar Hausa ce ta asali, daga rumfar maƙeri ta fito, kuma ta bi ƙarfe duk inda ya je: ana ƙera mota da jirgi da bindiga, ana cewa mota ƙirar Japan, ana kiran fannin gaba ɗaya ƙere-ƙere. Ba a ƙera fulawa. Sarrafa kuwa aro ce daga wani tushen Larabci, sadi da ra da fa, mai ma'anar juya abu daga hali zuwa hali, tushen da ya ba malamai sunan ilimin sarfu. Ita ta dace da amfanin gona: a sarrafa gyaɗa ta zama mai, a sarrafa alkama ta zama fulawa, a sarrafa fata. Sai harhaɗa, wadda ke nufin an kawo sassa a gama an ɗaura.

Wannan bambanci na uku yana da amfani ƙwarai, kuma masu fassarar labarai suna yawan zubar da shi. Abin da aka yi a Steyr ta Bauchi da Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, galibinsa harhaɗawa ne, domin manyan sassan daga Turai ake kawo su. Idan aka ce kamfanin ƙera motoci, an ba mai sauraro labarin da ya fi gaskiya daɗi, an kuma ɓoye masa dalilin da ya sa irin waɗannan wurare ke tsayawa cik da zarar kuɗin waje ya yi tsada. Hausa tana da kalmar da za ta faɗi abin yadda yake. Haka kuma samar da, wadda ta zama ruwan dare a fassara, tana shafe duka ukun, har mai sauraro ya kasa sanin ko yin abin aka yi, ko sayo shi aka yi aka raba.

Akwai aikin da ke jiran masu nazarin harshe a Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare da jami'ar jiha da ke Gaɗau. Kalmomin cikin tsofaffin sana'o'i, irin su zugazugi da masaba da awartaki da uwar maƙera a wajen ƙira, da allira da ƙoshiya da kunkuru a wajen saƙa, da katsi a wajen rini, kowannensu sunan wani sashe ne ko wani mataki na aiki, kuma daga irinsu ne ake samun sunayen sassan inji idan za a koyar da fasaha da Hausa. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Jami'ar Bayero na 2006 sun adana da yawa, amma Hausar Kano ce ma'auninsu. Ya kamata a bi Shira da Gamawa da Giyaɗe da Cinade da tsohon birnin Katagum, a zauna da maƙera da sauran masaƙan da suka rage, a naɗi yadda suke kiran kayan aikinsu da Guddiranci, tare da karin sautin kowace kalma, a kuma haɗa da sunayen da masu walda da masu gyaran injin casa suka raɗa wa nasu kayan.